Gatarin Aradun Kaka

Tuƙa motar masu tonon kayan tarihi shi ne aiki na farko da Turki ya yi har wata ya ƙare bai fara neman hanyar gudu ba. Tun da ya bar makaranta ya zauna a shagon wayoyi a unguwar Hindawiyya ta Makka, ya tura keken tsofaffi a Harami, ya kai wa mutane abinci gida-gida a kan babur. Kowanne ya gundure shi. Wannan kuwa, kullum da safe zai ɗauki Duktura Suhaila da ɗalibanta a Zahir, su fita bayan iyakar Harami, su gangara wani kwari a gefen Wadi Fatima inda babu komai sai baƙaƙen duwatsu da bishiyoyin ƙaya. A can suke neman kayan aikin mutanen da suka rayu tun kafin a san ƙarfe.

Ba don tono aka ɗauke shi ba, amma Turki ba ya iya zama a mota. Yakan bi su yana leƙe, yana tambaya, har Duktura ta fara ba shi bakin igiya ya riƙe. Doka ɗaya ta kafa masa.

"In ka ga abu, kada ka ɗaga shi," ta ce. "Ka tsaya a kansa ka kira ni. Da zarar ya bar inda ya kwanta, rabin labarinsa ya tafi."

Wata rana ma ta ce masa idonsa na da kyau, baɗi in an dawo za ta sa sunansa cikin masu koyon aikin. Ya kwana biyu yana jin daɗin maganar.

Masu haƙa da tankaɗe ƙasa leburori ne 'yan iƙama, baƙi masu takardar izinin zama. Babbansu Kabo ne, wani dattijo mutumin Maraɗi mai furfura a gemu. Ranar farko Kabo ya dubi Turki ya ce, "Sannu ɗan samari, 'yan gida na lafiya?" Turki ya ga ɗaliban na kallonsa, sai ya ɗaga kafaɗa ya amsa da Larabci cewa shi ba ya jin Hausa, a nan aka haife shi. Babu wanda ya yi mamaki, samari irinsa da yawa haka suke. Daga nan ya ci gaba da kiran dattijon "ya Kabo" tsurarsa, kamar sa'ansa. A gaban mota yake zama, tare da ɗalibai yake cin abinci, kuma kafin su fito yakan riga kowa isa Zahir don kada a san daga Mansur, unguwar Hausawa, yake zuwa.

Wata rana suna cin burodin tamis da waken ful a ƙarƙashin rumfa, Duktura ta fito da wayarta. A Italiya ta yi karatu, ta yi shekaru tana tonon kaburburan wasu mutane da ake kira Itruskawa, waɗanda suka riga Rumawa ƙarfi a ƙasar. Ta nuna musu hoton wata sarƙar wuya ta zinariya da aka ɗaure ɗan tsinin dutse a tsakiyarta.

"Wannan kan kibiya ne, ya girmi mai sarƙar da dubban shekaru," ta ce. "Ita ba ta san mutum ne ya sassaƙa shi ba. Rumawa ma haka. In manomi ya tono gatarin dutse a gonarsa, sai su ce tsawa ce ta jefo shi daga sama. Su adana shi a gida don kariya."

Ta matsa hoton gaba. Wani dutse ne baƙi-kore, mai santsi, baki ɗaya faffaɗa, ɗayan siriri.

Mish'al, ɗalibin da ya fi kowa surutu, ya tuntsire da dariya. "Su da suka gina duk waɗannan gidajen, a ce tsawa na jifa da gatari!"

Turki ma ya yi dariya, har ya fi Mish'al ƙarfi. Amma ya san wannan dutsen. Irinsa sak yana cikin wata tsohuwar zabirar fata a ƙarƙashin matashin kakarsa.

Kabo ya zo ɗaukar tulun shayi, ya leƙa wayar ta kan kafaɗar Turki, ya ce a hankali, "Af, gatarin aradu ke nan."

Turki bai ko juya ba.

Kaka Batulu ce ta rene shi, shi da yayarsa Tahani, a hawa na uku na wani tsohon gida a Mansur. Idonta ya yi rauni, sai dai ta gane mutum da takunsa. Duk macen da za ta haihu a danginsu, Kaka takan fito da dutsen, ta ɗiga ruwan zamzam a kan wani faffaɗan dutse, ta goga shi tana bisimilla, ta wanke a kofi ta ba ta ta sha. Takan ce Allah ne mai sauƙaƙawa, wannan dai abin da ta tarar uwarta na yi ne. Yanzu ga Tahani ta dawo gida goyon ciki na fari, ƙafafunta sun kumbura, watanta ya tsaya.

"Maigidana ya dawo," Kaka ta ce da ta ji shi a matakala da yamma. "Me ka sayo wa amaryarka, ko yau ma ƙura ka kawo mini?"

"Amaryar da ba ta da haƙori me za a sayo mata?"

"Ka ji ɗan banza. Tahani, ki shaida, sakina zai yi."

Yana wasan, hankalinsa na kan matashin. So yake Duktura ta riƙe dutsen a hannunta, su biyu kawai, ta gaya masa shekarunsa. Yini ɗaya ne, da yamma ya mayar. Washegari kafin su tashi daga aiki ya zaga cikin kwarin ya tsinci wani dutse mai kusan girma da nauyin na Kaka ya jefa a aljihu. Da safe, Kaka na banɗaki tana alwala, ya kwance zabirar ya musanya.

Duk hantsin ranar yana jiran Duktura ta keɓe, ba ta keɓe ba. Can Mish'al ya ce ya ba shi makullin mota zai ɗauko ruwa. Turki ya zaro makullin, dutsen ya biyo shi ya faɗi a kan takalmin Mish'al.

"Kai! Mene ne wannan? Duktura! Zo ki ga abin da direbanki ke ɓoyewa!"

Kafin ya sunkuya an kewaye shi. Duktura ta tsuguna ta ɗauka, ta juya shi a tafin hannunta, fuskarta ta canja.

"A ina ka samo wannan?"

Amsar na bakinsa: na kakata ne. Amma ya san tambayar da za ta biyo baya, me take yi da shi? Ya ga bakin Mish'al a buɗe, dariyar rannan ba ta gama bushewa a kai ba. Ya tuna wata mata a layinsu da aka taɓa zuwa aka tafi da ita saboda an ga layu a ɗakinta, aka ce sihiri take yi. Ya ji kalmar da za a raɗa in ya juya baya, 'yan takari da tarkacensu. Sai kawai hannunsa ya ɗaga da kansa ya nuna wata bishiyar ƙaya a can gefen tudu, inda ko inuwar kirki babu.

"Can. A gindinta."

"Ka ɗaga shi? Me na ce maka?"

"Na manta, Duktura."

Ta yi tsaki, amma idonta na kan dutsen. Ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan dutsen a duk yankin ba. Ta shafa gefe guda da ya lafe ya yi sumul kamar an yi shekaru ana goga shi, ta ce wannan ma bai yi mata daidai ba. Ko dai akwai wani abu babba a ƙarƙashin tudun nan, ko kuma wani ne ya yar da shi. Hanya ɗaya ce ta sani, a tona.

Aka shafa wani farin ruwa a gefen dutsen, aka rubuta lamba da baƙin alƙalami, aka sa shi a leda, aka rufe a akwatin ƙarfe. Daga wannan lokacin ya zama kayan hukuma. Mish'al ya buga kafaɗar Turki ya ce yau shi zai sayi shayi. Aka kafa turaku a gindin ƙayar, aka ja igiya, aka ce Kabo da mutanensa su bar inda suke su dawo nan.

Ƙasar wurin tauri gare ta kamar siminti. Kabo ya sa diga, ya kwashe da shebur, yaransa suka tankaɗe. Rariya ba ta tare komai ba sai tsakuwa da kashin awaki. Washegari haka. Wanshekare haka. Rana na dukan tudun tun hantsi, rigar dattijon ta jiƙe ta bushe ta bar farin gishiri a bayansa. Turki ya daina zuwa riƙe igiya. Ya koma mota ya zauna, ya kunna sanyi, ya kashe, ya fito, ya koma. Ko'ina ya tsaya yana jin ƙarar digar.

Da ya kai musu ruwa a bakin ramin, Kabo ya karɓi gorar ya sha, ya zuba saura a ƙeya. Bai dubi Turki ba, ramin yake kallo, ya yi magana da Hausa kamar mai yi da kansa.

"Da aka miƙo mini shi in sa a leda na sansana. Ƙanshin jima ne da man shanu. Ƙasar nan ba ta san shi ba." Ya tofa yawu a tafin hannu ya kama ƙotar diga. "To, ni dai an ce in tona. Tunda mai ruwan ba ya jin Hausa, wa zan gaya wa?"

Turki ya tattara gorunan ya tafi.

A gida ma babu sauƙi. Kaka ba ta ce komai ba, zabirar na nan inda take. Sai dai tun ranar, in ya hawo matakala cewa take, "Turki ne? Sannu da zuwa." Babu maigida, babu amarya. Ya gwada tsokanarta da zancen haƙori, ta ce abincinsa na kicin. Tahani ta dube shi ta dubi Kaka ta ce, "Ku kuma faɗa kuka yi?"

Rannan da yamma Tahani ta dawo daga awo ta ce likita ta ce ko yaushe haihuwa na iya zuwa. Kaka ta gyaɗa kai.

"Turki, gobe ka taho mana da zamzam sabo. Na gidan ya kwana biyu."

"To, Kaka."

Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana kallon hannunta a kan matashin. Ya hango ranar haihuwar, Tahani na murƙususu, tsohuwar nan na bisimilla tana goga tsakuwar da ya tsinto a kwari.

Da safe a mota Duktura ta ce gobe za a kai akwatunan ma'ajiyar hukuma a Jidda, shi zai tuƙa. Abin da ya shiga can, in ji ta, ko ita sai ta nemi izini kafin ta sake ganinsa.

Akwatin na bayan motar, makullin na hannunsa. Da kowa ya hau tudu ya zagaya ya buɗe. Ga ledar a sama-sama. Ya sa hannu ya taɓa dutsen ta cikin leda, ya ji sanyinsa. Zai iya sa shi a aljihu, da la'asar yana ƙarƙashin matashi. Sai ya tambayi kansa wa za a fara tuhuma in an buɗe akwati a Jidda ba a gan shi ba. Ba ɗalibai ba. Ba shi da ya kawo shi da hannunsa ba. Waɗanda ke cikin ramin can ne, masu iƙamar da kalma ɗaya ke iya sokewa. Kuma ko an yi shiru, gobe ma za su ci gaba da sarar tudun da babu komai a cikinsa.

Ya mayar da murfin. Ya hau tudun. Duktura na tsugune a bakin ramin da buroshi, Mish'al na riƙe da ma'auni, Kabo na ciki har gwiwa.

"Baba Kabo," Turki ya ce da Hausa. "Ajiye digar nan. Don Allah ka fito."

Kowa ya juyo. Mish'al ya ce, "Kai, dama kana jin yarensu?"

Kabo ya jingina digar a bango, ya miƙo hannu. Turki ya kama ya jawo shi. Tafin dattijon duk ya faffashe.

"Duktura," ya koma Larabci, "babu komai a nan. Ban tsinci dutsen a nan ba. Na kakata ne. Daga gida na ɗauko, ba ta sani ba."

Ta miƙe a hankali. Ta dubi ramin, ta dubi tulin ƙasar da aka tankaɗe, ta dubi leburorin. Da ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi.

"Kullum kana kawo musu ruwa," ta ce. "Kana kallonsu."

"E."

"Na kira ofis na ce wataƙila mun samu wani abu. Na bar wurin da muke samun kaya na gaske na dawo da mutane nan, ga lokacinmu ya ƙare. Me ya hana ka ce na kakarka ne?"

Mish'al ya fara wani murmushi, ta dube shi sau ɗaya ya haɗiye.

"Ina bukatarsa yau, Duktura. Yayata ta kusa haihuwa."

"Me ya haɗa haihuwa da shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba kai zan ba wa ba," ta ce. "Ka ce a nan ka samo, yanzu ka ce a can. Kafin in soke lambar sai na ga mai shi na ji daga bakinta. In mun tashi ka sauke yara ka kai ni."

Bayan la'asar titin Mansur ya cika. Mata na suyar masa da ƙosai a bakin shaguna, hayaƙin tsire na shiga mota, wani na kiran wani da Zabarmanci daga tsallake. Turki ya yi ta neman wurin ajiye mota yana jin ana gaishe shi ta taga. "Turki na Batulu, an samu babbar mota!" Ya amsa ƙasa-ƙasa. Duktura ta tattare abayarta ta bi shi matakalar da fitilarta ta mutu tun bara.

Tahani ce ta buɗe, ta ga baƙuwa, ta yi saurin jawo mayafi. Kaka na zaune a kan darduma da carbi.

"Turki ne, da wa? Takun mace nake ji."

"Shugabarmu ce ta wurin aiki, Kaka."

"Marhaba, marhaba. Tahani, shayi."

Larabcin Kaka na kasuwa ne, mai kaurin Hausa, irin wanda Turki ke jin nauyi in ta yi a gaban mutane. Duktura ta durƙusa ta sumbaci kanta ta kira ta khala, wato inna. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Sannan ta buɗe jakarta ta zaro dutsen daga leda ta sa a tafin tsohuwar.

Yatsun Kaka suka rufe a kansa. Ta shafa bakin, ta shafa gefen da ya lafe, ta tsaya a kan farin tabon.

"Wa ya yi masa fenti?"

"Ni ce, khala. Lamba ce. Yana fita."

"A ina kika same shi?"

Duktura ta dubi Turki. Shi ya faɗa, da Hausa, a tsaye a bakin ƙofa, tun daga hoton waya har ramin da aka sa Baba Kabo ya tona. Tahani ta tsaya da faranti a hannu ta ce, "Turki, kai kuwa lafiyarka ƙalau?" Da ya kai ƙarshe, Kaka ta juyo wajensa.

"Dattijo ka sa ya yi ta haƙa a rana?"

"E, Kaka."

"Kunyar a san ni ce kakarka ta fi maka tausayinsa ke nan."

Duktura ta tambaya da Larabci me ake kiran dutsen a wurinsu. Kaka ta ji sarai, amma ta juya fuska wajen ƙofa.

"Kai faɗa mata. Ai kana da baki."

"Gatarin aradu," ya ce. Sannan ya fassara mata, kalma da kalma.

"Gatarin aradu," Duktura ta maimaita, ta karya kalmar. "Abin da Rumawa suka ce ke nan."

"Su wa?" in ji Kaka.

"Wasu mutanen da, a Turai."

"To, ashe suna da hankali."

Tahani ta yi dariya har ta dafe ciki. Duktura ta tambayi inda ya fito. Kaka ta ce kakanta ne ya tono shi a gonarsu a ƙasar Kazaure, a gindin wata kuka da tsawa ta tsaga. Uwarta ta ɗauro shi a ƙugu suka taho Makka ta ƙasa, ita tana goye. Ta faɗi abin da ake yi da shi ba tare da ta sassauta murya ba, ta lissafa matan da suka sha ruwansa, har da uwar wannan da ke tsaye kamar an dasa shi. Duktura ta ce yanzu ta gane abin da ya cinye gefen. Ta ce mutum ne ya sassaƙa shi, tun kafin a san ƙarfe, don sarar itace.

"Wataƙila," Kaka ta ce. "Allah ne dai ya san ta inda ya biyo ya zo gonarmu."

Ta laluba ƙarƙashin matashi ta jawo zabirar, ta kwance, ta zazzage. Dutsen da Turki ya sa ya gangaro kan darduma.

"Ga naku. Tun safiyar nan na ji ba shi ba ne. Nawa ko da zafi sanyi gare shi. Na ce bari in ga ranar da mai ɗauka zai gaji."

Duktura ta kai hannu za ta ture shi gefe, sai ta tsaya. Ta ɗauka ta matsa kusa da taga. Duka bakunansa biyu sun yi ƙananan ramuka kamar an cicciza.

"Turki. Wannan daga ina?"

"Daga kwarin. Na tsinta don ya cike zabirar."

"Da irin wannan suke bugun dutse su fitar da wuƙa. Tun da muka zo shi nake nema, don inda yake nan suka zauna suka yi aiki." Ta juyo. "A ina ya kwanta?"

Ya rufe ido. Ya ga kwarin, baƙaƙen duwatsu ko'ina iri ɗaya, shi yana sauri kada a gan shi. Zai iya cewa bayan rumfa, ko wajen da ake ajiye mota. Ko me ya ce za ta rubuta.

"Ban sani ba, Duktura. Ban duba ba."

Ta gyaɗa kai. Ta sa shi a ledar da ta kawo na Kaka. Ta nemi izini ta ɗauki hoton gatarin a tafin tsohuwar, Kaka ta ce a ɗauki hannu ban da fuska. Ta shanye shayinta, ta yi wa Tahani addu'ar sauka lafiya. A kan matakala ta ce wa Turki ba sai ya mayar da ita ba, za ta hau tasi.

"Gobe ka kai akwatunan Jidda. In ka dawo ka ba Mish'al makullin. Zancen baɗi kuma ka bar shi."

"To."

"Kafin ka tafi ka biya ta wurin Kabo. Ba ni kaɗai ka yi wa ba."

Ya daɗe a tsaye a matakalar bayan ta sauka. Ƙafarsa na son titi, ko'ina ma, kamar yadda ta saba in abu ya ɓaci. Sai ya ji Tahani ta kira sunansa, ba da muryar faɗa ba. Ya koma ya tarar da ita ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan a bayanta.

"Tun ɗazu nake jin shi, na ɗauka zama ne," ta ce. "Kira mijina. A'a, fara kawo jakar asibitin."

"Zamzam ɗin fa?" in ji Kaka.

Ruwan na cikin mota, ya saya tun safe. Ya sauka a guje ya hawo da shi yana haki. Kaka ta riga ta jawo faffaɗan dutsen gabanta, amma gatarin na zamewa daga hannunta. Ta tura masa su duka biyun.

"Zauna. Gefen da ya lafe za ka kwantar. Ka yi bisimilla."

Ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Ya tsiyaya ruwan, ya fara gogawa. Dutsen ya yi wata siririyar ƙara, ruwan ya soma yin toka-toka. Farin tabon da lambar na sama, suna kallonsa, babban yatsansa a kai. Kaka ta karkata kunne tana sauraro.

"Ruwan ya yi yawa, maigida," ta ce. "Rage. Kuma a hankali, ba diga ba ce."